Bafang BBS02: Injin Mayar da Keken Feda Ya Zama Na Lantarki

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, mutane da dama suka fara tunanin ɗora wa kekensu injin lantarki maimakon ci gaba da ciyar da babur. Daga cikin kayan da ake sayarwa domin wannan aiki, wanda ya fi jan hankalina shi ne BBS02 mai ƙarfin 750W da ke aiki da batirin 48V, ƙirar kamfanin Bafang da ke birnin Suzhou na ƙasar Sin.

Wannan inji ba a cikin wili ake saka shi ba. Ana cire sandar feda ne, a zura shi cikin bututun da take ratsawa, matuƙar faɗin bututun yana tsakanin milimita 68 zuwa 73, sannan ya riƙa jan sarƙa kamar yadda ƙafar mahayi take yi. Amfanin haka shi ne injin yana cin moriyar giyar keken, ta yadda idan aka iso hawa ko aka ɗauko buhun masara a baya, sai a sauko zuwa ƙaramar giya, ya ja ba tare da ya galabaita ba. Nauyinsa, wanda ya ɗan haura kilo 4, yana zaune a ƙasa kuma a tsakiya, don haka keken ba ya rinjaya gaba ko baya, kuma idan taya ta yi faci ana cire wili kamar kullum.

Inda nake so mai saye ya tsaya ya yi nazari sosai shi ne kwantirola, domin ita ce ke ƙayyade yawan wutar da za ta shiga injin, kuma a wannan samfurin a jikinsa take, tana jan wuta har amfiya 25. Idan aka ninka wannan da 48V, za a ga cewa a lokacin da aka matsa masa yana zuƙar kusan 1,200W, ba 750W da aka rubuta a kwali ba. Saboda haka batirin da za a haɗa masa dole ne allon kariyarsa, wanda masu sana'ar ke kira BMS, ya iya ba da amfiya 25 zuwa 30 ba tare da yankewa ba. Batiri mai araha da bai kai haka ba zai riƙa ɗauke wuta daidai tsakiyar hawa. Batirin 48V mai 13Ah (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka) yana riƙe da wutar da ta kai 624Wh, kuma idan ya cika yana kaiwa 54.6V, don haka a duba wannan lambar a jikin caja kafin a biya kuɗi.

Raunin injin ma daga kwantirolar ya taso. Injin yana son juyawa da sauri, kuma wanda ya saba tashi daga tsaye a babbar giya yana danna totur har ƙarshe, zafi zai taru a kwantirola, kuma a zafin watan Afrilu abin ya fi muni. Akwai kuma haƙorin roba a cikinsa wanda yake rage ƙara amma yake cinyewa idan an wahalar da shi. Sarƙa da haƙoran baya su ma sun fi saurin ƙarewa fiye da na keken da ƙafa kaɗai ke tuƙawa. Na'urar da ke kunna injin juyawar feda kawai take ji, ba ƙarfin takawa ba, shi ya sa yakan ɗan yi fizga a farko. Mai son taimako mai laushi ya duba Tongsheng TSDZ2, wanda yake auna nauyin ƙafa.

Ƙananan kaya biyu ba na ganin a yi tsimi a kansu: hannun birki mai yanke wuta da zarar an matsa shi, da ƴar na'urar da ke dakatar da injin lokacin sauya giya. Allon nuni kuwa, ko mai sauƙi irin C965 ya wadatar, sai dai a tabbatar bakin wayarsa ya dace da na injin, domin sababbin samfura sun sauya tsarin sadarwa, kuma tsohon allo ba ya aiki da su.

Ban ba da shawarar a ɗora shi a kan tsohon keke irin Phoenix mai giya ɗaya da birkin ƙarfe ba, domin birkin ba zai iya da gudun ba, rashin giya kuma ya kawar da babban amfaninsa. Mai zirga-zirga a shimfiɗaɗɗen gari kamar Kano, injin cikin wilin baya zai ishe shi a kan kuɗi kaɗan, muddin ya ƙara ƙarfen da ke hana aksal, wato sandar tsakiyar wili, juyawa a mazauninsa. Amma ga mai keke mai giya da birki mai kamawa, wanda yake hawa da sauka irin na Jos ko yake dakon kaya kullum, BBS02 ya cancanci kuɗinsa, idan har an ware wa batiri kaso mafi tsoka na kasafin.