Babbar blandar nan mai kofi biyu: abin da na gani a zafin bana

Masu tambayata ko babbar blandar nan ta ci kuɗinta, to bari in amsa ma kowa lokaci ɗaya in huta. Adashena na ɗauka na siyo ta a kasuwar Sabon Gari dab da shigowar zafi, irin mai kofi biyu ɗin nan, babban na roba mai kauri na markaɗe, ƙaramin na ƙarfe na busassun kaya. Sunan kamfani kam ba sai na faɗa ba, kusan duk kamarsu ɗaya sai dai kwali da kala, kowane shago kika shiga da sunan da aka manna ma tasa.

Abin da ya kai ni siyanta ba gayu bane, inji ne ya ishe ni. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin markaɗe bai ƙara zama wuri ɗaya ba, ga tura yaro da bokiti tsakar rana a watan Afrilu, kowa yasan ranar Zariya a wannan lokacin, zafi na neman kaiwa 40, yaro ya je ya tarar da layi ya dawo gumi sharkaf ya zubar da rabi a hanya. Amma babban abin da ke ƙona min rai shine aya. Ki wanke ayarki tas ki jiƙa ki kai inji, ashe wadda ke gabanki kayan miya ta markaɗa, mai injin ya watsa ruwa kofi ɗaya yace ya wanke, ki dawo ki tace kunu kiji attarugu na cizon harshe. Wallahi ba sau ɗaya ba.

To a kan kunun aya dai blandar nan ba ni da abin cewa sai sambarka. Busasshiyar aya nake siya, in rege ta sosai dan tsakuwa a cikin aya ba a magana kuma guda ɗaya ta isa ta lalata miki wuƙar, in jiƙa ta kwana, da safe in zuba da dabino da na cire ma ƙwallo da kwakwa da ɗanyar citta da kanumfari kaɗan. Kafin ki gama wanke matacinki ta niƙe luƙwi, dusar da ke fita ma laushi gareta, har kunun ya fi na inji kauri da aya kwano ɗaya. Kuma sirrin shine ina yin kaɗan kaɗan yanzu. Duk mai yin kunun aya tasan baya jure zafi, in babu ƙanƙara kafin la'asar ya fara tsami yana kumfa, da kuwa tunda an biya kuɗin inji dole ayi da yawa, ƙarshe rabi ya lalace. Yanzu daidai na shan yara in sun dawo daga islamiyya, a siyo ƙanƙara a maƙota a jefa, a zauna ƙarƙashin darbejiya a tsakar gida a shanye, shikenan.

Mangwaro ma haka. Daga Maris zuwa Mayu ai ko'ina shine, baro baro a bakin titi tun daga Kwangila har Samaru, wanda ya nuna ya fara laushi da yara ke ƙi shi nake yankawa in haɗa da kindirmo in markaɗa, ba ko siga. Mai zare ɗin nan sai an tace in ba haka ba autana zai ta tofarwa. Kankana kuwa ko minti ɗaya bata ɗauka. Kayan miya ba sai na tsaya bayani ba, tumatir da tattasai da albasa suna fita sumul, kuma da yake a rani ne tumatirin fadama ke araha, nakan markaɗa da yawa in tafasa ya ƙafe in ajiye.

Yanzu bari in zo inda bakin mai shago ya fi kayansa. A jikin kwalin an rubuta 8000 wat da manyan baƙaƙe, shi kuma yana ta rantsuwa, Hajiya wannan ko dutse kika saka sai ta mai da shi gari. Maigida da ya gani dariya yayi, dan ya ɗan taɓa aikin waya, yace filogin da ke jikinta fis ɗinsa amp 13 ne, a wutarmu ta bolt 230 kuwa abin da zai iya ɗauka bai wuce wat 3000 ba, in da gaske 8000 take ja da fis ɗin ya ƙone tun ranar farko. Dan haka kar lambar kwali ta sa ki ƙara kuɗi, ki ɗaga ta kiji nauyin gindin, nan injin yake, mara nauyi ba abin kirki a ciki.

Ƙosai, nan ne muka ɓata da ita. Wake yana niƙuwa kam, amma sai kin bata ruwa kafin ta juya, ƙullin ƙosai kuma baya son ruwa, sai ki samu ya tsinke, a kasko ya baje ya sha mai. Akwai ɗan sandan roba da ke zuwa da ita na danna abu ƙasa, da shi da zuba wake kaɗan kaɗan ana samu ya ɗan yi kauri, amma gidan mutum tara da azumi wa ke da wannan lokacin? Alale lafiya lau tunda dama ruwa yake so. Ƙosai in da yawa ne har gobe inji nake kaiwa.

Fura kuma rigima ce tsakanina da Hajiyar gidanmu. Ni da yara muna son ta blanda, tayi santsi kamar madara, a sa ƙanƙara a ciki a markaɗe tare. Hajiya ta kurɓa sau ɗaya ta ture kofin tace ke wannan ai kunu kika ban, ina gudajin? Nace Hajiya ai haka ake yayi yanzu, tace to yayin ya tsaya ɗakinki. Nata a ƙwarya nake damawa da ludayi, kuma tsakani da Allah ranar da na ɗanɗana nata bayan kwana biyu sai naji tana da gaskiyarta, furar da ba abin taunawa bata riƙe ciki.

Ƙaramin kofin ƙarfen yana yin yaji da kyau, barkono, masoro, kanumfari, kimba, daddawa in ta bushe sosai. Busasshiyar citta dai ki fara farfasa ta a turmi, in kika jefa ta guda guda ƙarar kaɗai zata sa ki kashe. Kuma ki bari ƙurar ta kwanta kafin ki buɗe murfi, in ba haka ba gidan gaba ɗaya sai atishawa. Gero ko masara na tuwo kar ma ki fara, ba aikinta bane duk abin da mai shago zai ce.

Maganar ƙara, tana da shi ba kaɗan ba. Da asuba in na kunna ta lokacin sahur har maƙociyata ta katanga sai ta san me nake yi, jaririya in tana barci dole ki fita da blandar baranda. Sai matsalar da ba laifinta bane amma ita ce komai, wato wuta. A zafi ne aka fi ɗaukewa, kuma ranar da ta zo ba ƙarfi sai kiji injin na gurnani yana zafi, akwai ɗan maɓalli a ƙasanta da ke kashe ta da kansa, sai ta huce ki danna ta tashi. Ƙaramin janareta ɗinmu yana ɗaukarta amma sai an kashe firji, da ta tashi kiga ƙwan fitila ya rage haske. Shi yasa nake cewa in unguwarku wuta sai an yi sa'a kuma ba sola ba janareta, ki riƙe kuɗinki, ado kawai zata zame miki a kicin. In kuwa kina da abin kunna ta kuma kina da yara masu shan kayan sanyi, siya, ni dai ban yi da na sani ba.

In za ki siya ki sa a jona ta a shagon a zuba ruwa a kofin a kunna a gabanki, ki duba ƙasan ko yana ɗiga, dan robar da ke zagaye da wuƙar ita ke fara mutuwa, tawa ta fara tsatsafo kaɗan kafin damina ta faɗi. Ki tambaya ko suna da wuƙar da robar daban na canji, wasu shagunan suna da su wasu sai suce ki siya kofi sukutum. Wanki kuwa ruwan ɗumi da ɗan sabulu ki kunna ta kaɗan ta wanke kanta, amma in kin markaɗa attarugu ki ƙara da ruwan lemun tsami kafin ki sa aya, robar na riƙe yaji.