Asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke karɓar inshorar gwamnati

Samun ƙwararren likitan cututtuka masu yaɗuwa da ke karɓar inshorar lafiya ta gwamnati ya ba ni wahala, domin da yawa daga cikin waɗanda na kira sun daina ɗaukar sababbin marasa lafiya. Wannan asibitin ya karɓe ni bayan na kawo takardar da likitana ya turo ni da ita. Likitar ta bi sakamakon gwajin ciwon hantata layi bayan layi, ta nuna mini yawan ƙwayar cutar a jini da halin da hantar take ciki, ba tare da gaggawa ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne jiran amincewar inshora kafin a ba da magani, wanda ba a sanar da ni tun farko ba.