Sensar salansa: ta Belgium ko sabuwa a kwali?

An sa wa motarka kwamfuta, ta fitar da P0135. Lambar tana nufin hita, wato abin ɗumamawa, da ke cikin sensar iskar oksijin ta farko a jikin salansa ba ta aiki. Kafin ka nufi Kofar Ruwa, kasuwar kayan mota a Kano, sa mai wayarin ya duba fis da soket, domin waya ɗaya da ɓera ya ci tana iya kawo wannan lambar.

In ta tabbata sensar ce, zaɓi biyu ne a gabanka. Ta Belgium, wadda aka kwance daga motar waje, yawanci ta asali ce, ta kamfanin Denso ko Bosch, soket ɗinta zai zauna daram. Matsalarta ita ce ba ka san nisan da ta yi ba. Juya ta ka kalli bakin: farin gari ko baƙin toka mai kauri, ajiye musu kayansu. A kan Denso mai waya huɗu, baƙaƙen biyun su ne na hita. A ɗora mitar gwajin lantarki a kansu nan take, in ba ta nuna komai ba, hitar ta mutu.

Sabuwa mai araha kuwa, ƙyallinta kawai ke ruɗi. Wata kan yi 'yan makonni, fitilar gargaɗin inji ta dawo, mota ta koma shan mai kamar da.

Ni dai in ba sabuwa ta asali aljihu zai ɗauka ba, ta Belgium nake saye, da sharaɗin mayarwa. Kuma ka tafi da tsohuwar a hannu a gwada lambar jikinta, don wasu Toyota sensar gaba daban ce, ko da kamanninsu ɗaya.