Littafi ko waya: ina za a ajiye ranakun asibitin yaro mai sikila?

Duk uwar da ke rainon mai sikila a Agege da ke Legas ta san ranar asibiti ba ɗaya ba ce. Ga ganin likitan yara a asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja, ga gwajin jini, ga hoton jijiyoyin jini na kai da ake kira TCD da ake so a yi duk shekara daga shekara 2 zuwa 16, wanda wasu ke zuwa yi a cibiyar sikila ta Idi-Araba, daura da asibitin koyarwa na LUTH.

Amfanin waya shi ne tana yin ƙara don tunatarwa. A saita ta kwana biyu kafin ranar, a sake saitawa da asuba, domin wanda ya makara cunkoson Oshodi zai raba shi da layi. Takardar gwaji kuma a ɗauki hotonta, a tura wa baban yaro ta WhatsApp yana Mile 12.

Ni dai na fi karkata ga littafi. Ciwo ya tashi tsakar dare, likitan da ke bakin aiki bai taɓa ganin yaron ba, waya kuma ba caji. Sai a miƙa masa littafin: ga yawan jinin da yaron ya saba tsayawa a kai, ga ranar ƙarin jini na ƙarshe, ga maganin da jikinsa ba ya so. Ko Kaka ce ta kawo shi, ba sai ta yi dogon bayani ba. Illar littafin ruwan damina da mantuwa a motar haya ta danfo, shi ya sa namu yake cikin leda, cikin jakar magani.