Zuwa ga Autan Inna, daga Agege

Auta, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Inna da Baba da duk mutanen gida. Saƙonka ya same ni tun makon jiya. Ban amsa da murya a WhatsApp ba don tambayar ba ta minti biyu ba ce, kuma na san akwai 'yan ajinku da yawa a Maradi masu irin tunaninka, shi ya sa na rubuta a inda kowa zai gani. Ka ce in ka ci bak ɗinka bana, wato jarrabawar gama sakandare, kana son ka biyo ni Legas ka karanta injiniyan lantarki, kana tambaya ko nan ya fi gida. Zan ba ka labarin kwas ɗaya da muka gama zangon da ya wuce, wanda ake ce wa sigina da sistem, don a cikinsa na ga garin nan ciki da bai.

Amma bari in fara da kaya, tunda su ke ɗauke hankalin baƙo. Ka tuna lokacin da muke lise, in muna neman ɗan rizisto guda sai mun je wurin mai gyaran rediyo ya ciro mana daga matacciyar akwati, in kuwa abin ya fi haka sai a ba 'yan Kano sautu a jira mako biyu. A nan, ranar da Kawu ya fara kai ni Oshodi, tsayawa na yi ina kallo. Rizisto a jere a kan takarda kamar tsakiya, ana yanko maka yadda kake so. Kafasito a cikin roba kamar gyaɗa. Abin da babu a Oshodi yana kasuwar Alaba da ke Ojo, kwamfuta da waya kuwa sai Ikeja, a unguwar da ake kira Kwamfuta Bileji. Can na sayi kwamfutata ta hannu, wadda suke ce wa tokumbo. Kawu ya hana ni biya sai da na kunna ta, na zare caja, na zauna a bencin shagon rabin awa ina kallon batirin. Ya ce a kasuwar nan abin da ka fita da shi ya zama naka, jabu ne ko na gaske. Littattafai kuma suna Yaba, bugun Indiya, takarda siririya amma rubutun ɗaya ne, kuɗinsu bai kai rabin na bugun Turai ba. Data ma ta fi ta gida araha.

Abin da ke da tsada shi ne zama. Hayar ɗaki ta shekara ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin dillali a kai, ba wata-wata irin namu ba. Da ba don ɗakin Kawu ba da ban iya ba. Albasar Galmi da muke zubarwa a miya ba lissafi, a kasuwar Mil 12 ta nan Legas sai ka ƙirga. Sefa da Baba ke aikowa tana ƙara auki in an canza ta, saboda a ɗaure take da yuro, 655.957 kowace yuro ɗaya, ita kuwa naira tun da aka sake ta a 2023 rawa take yi. Sai dai kada aukin ya ruɗe ka, kuɗin danfo, wato motar haya, da na abinci suna bin sa a guje tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun shekarar. Jirgin ƙasa na jan layi da ya fara aiki a Oktoban 2024 yana tsayawa a Agege, ya rage mana wahalar cunkoso in za mu Oshodi ko Yaba. Wuta kuwa, kai da ka sha duhun 2023 lokacin da Nijeriya ta yanke mana kuran bayan juyin mulki, za ka zaci masu ita a wadace suke. A layinmu janareto ne ke riƙe da kowane shago.

To, kwas ɗin. A aji uku ake yin sa, kuma tun muna aji biyu manyanmu ke tsorata mu da shi. Sigina shi ne duk abin da ke sauyawa da lokaci yana ɗauke da labari: muryarka, wutar da ke cikin waya, bugun zuciya. Sistem kuma duk abin da siginar ta shiga ta fito a sauye. Malamai biyu suka raba mana shi, rabi da rabi, ɗaki ɗaya, littafi ɗaya, ɗalibai sun haura ɗari da hamsin.

Na farko wani dattijon farfesa ne Bayarabe, Baba muke ce masa. Ba ya zuwa da komai sai alli kala uku a aljihun riga. Ranar farko ya shigo ana hayaniya, bai ce uffan ba, ya jira aka yi tsit, sai ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Ya ce mu saurara. Muka ji ƙarar ta daki bangon baya ta dawo, ta ɗan yi amo kafin ta mutu. Ya ce wannan amsar ita ce halin ɗakin nan kaf. Wanda ya san yadda ɗaki ke amsa tafi ɗaya, zai iya lissafa yadda zai amsa huɗuba ko kiɗa ko kukan jariri, don kowace ƙara tarin ƙananan tafi ce a jere. Nan take na tuna Inna a kasuwa, yadda take ƙwanƙwasa tukunya da yatsa ta kara kunne kafin ta saya. Bugu ɗaya take yi ta san ko da tsaga. Abin da Inna ke yi da kunne shi muka shafe mako uku muna yi da alƙalami, sunansa kombolushan: ka juya sigina ɗaya, ka ja ta a hankali a kan ɗayar, ka ninka, ka tara. Baba yakan yanko takarda ya zana siginar a kai, ya riƙa jan ta a jikin allo taku-taku, yana tsayawa ya tambayi na bayan aji inda suka fara haɗuwa. In ka ba da amsar da ba daidai ba, ba ya wucewa. Zai ce zo ka ja takardar da hannunka.

Da muka iso kan Fourier, su a nan “Foriya” suke cewa. Baba ya san daga Nijar nake, sai ya ce in tashi in faɗi sunan yadda masu shi ke faɗa. Na ce “Furiye”, ya sa ajin duka suka maimaita. Sannan ya ba mu labarin mutumin: Bafaranshe ne da ya bi Napoleon zuwa Masar a 1798, kuma ba lantarki yake bincike ba, yadda zafi ke tafiya a cikin ƙarfe yake nema, ya buga littafinsa a 1822. Abin da ya gano shi ne duk sigina mai maimaita kanta ana iya warware ta zuwa igiyoyi masu santsi, kowace da saurin kaɗawarta. Baba ya zana igiya ɗaya da farin alli. Ya ɗora mata wata da ja, mai ninki uku a sauri, kashi ɗaya cikin uku a tsayi. Ya ƙara ta uku da shuɗi, ninki biyar a sauri, ɗaya cikin biyar a tsayi. Yana tarawa muna gani da idonmu igiyar tana miƙewa tana yin kusurwa, tana komawa mai kafaɗu huɗu.

A daren nan na gane abin da ke damun fankar Kawu. Yana da wata inbata mai araha da ya saya a Alaba, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, duk lokacin da aka koma kanta fanka sai ta kama gurnani tana zafi. Wutar Nijeriya da ta Nijar sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa, a santsi. Inbata mai araha ba ta fitar da santsin, mai kusurwa take fitarwa, wato tana cusa wa fanka wasu igiyoyin na 150 da 250 da ba ta nema ba, su ne gurnanin. Na zana wa Kawu a bayan kwalin sukari. Ya daɗe yana kallo, ya ce to yanzu ya ga inda kuɗin makaranta ke tafiya. Washegari na sa mitata a janareton shagon. Ƙaramin janareto sai ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da 50 ɗin nan. Firiza na tashi na ga lambar ta faɗo ƙasa da 48, sannan ta lallaɓo ta koma. Wallahi Auta, ban taɓa jin daɗin karatu kamar a makon nan ba.

Sai rabi na biyu. Wani dakta ne, ba zan faɗi sunansa ba. Da majigi yake koyarwa, yana karanta abin da ke jikin bango yana wucewa, in aka ɗauke wuta aji ya tashi ke nan. Cikin mako shida sau uku muka gan shi, sauran ya haɗa su a Asabar ɗaya, awa huɗu a zaune. In ka ɗaga hannu sai ya ce yana cikin takardun da ya bayar a buga. Lissafin Laplace da na zed, waɗanda dangin na Fourier ne, da ɗibar samfuri, inda ake auna sigina a kai a kai a mayar da ita lambobi, wato rabin da ya fi buƙatar a riƙe hannun mutum, haka suka wuce mu kamar motar da ba ta tsaya a tasha ba.

Abin da ya fi ci mini rai a tes ɗinsa ya faru. Ka san a littattafan Faransanci da harafin p ake rubuta lissafin Laplace, a na Ingilishi da s. Mu kuma waƙafi muke sawa a tsakanin lamba, 0,5, su ɗigo suke sawa, 0.5. Cikin sauri hannuna ya koma gida, na yi tambaya guda da p da waƙafi. Hanya daidai, amsa daidai, ya ja mata jan layi ya ba ni sifiri. Sau uku ina zuwa ofishinsa. Na uku na same shi, na tsaya daga bakin ƙofa na gaishe shi, na buɗe masa littafina na lise don ya gani. Bai karɓa ba. Ya ce nan ba Faransa ba ce. Na fito na zauna a matakala na daɗe ban tashi ba, don makin nan goma ne cikin talatin na aikin zango.

Ba na son in zalunce shi. Kwas huɗu yake ɗauke da su, albashin malaman jami'a a ƙasar nan ba ya kai su ko'ina, har yajin aikin wata takwas suka yi a 2022. Na san da haka. Amma Baba ma a ƙasar yake, ajin ɗaya ne, zafin ɗakin ɗaya ne.

Wadda ta cece mu ba ta cikin masu sunan malami a takarda. Wata mata ce mai kula da ɗakin gwaji, Madam kawai muke ce mata. Osiloskop biyu ne ke aiki, na'urar da ke zana sigina a gilashi, sai ta raba mu goma-goma tana buɗe mana ɗakin bayan an tashi. Ita ta sa muka ɗauki muryarmu a kwamfuta da manhajar Octave, wadda kyauta ce, ba kamar MATLAB mai tsada ba. Ta ce mu riƙa rage yawan samfurin da muke ɗiba muna saurare. Muryar ta fara dushewa, can sai wasu ƙararraki da babu su a asali suka ɓullo. Daga nan ta rubuta ƙa'idar: dole saurin ɗibarka ya haura ninki biyu na igiya mafi sauri da ke cikin siginar, aikin da ake jingina wa Nyquist a 1928 da Shannon a 1949. Layin tarho na gargajiya igiyoyi masu kaɗawa daga sau 300 zuwa 3,400 a daƙiƙa kawai yake bari su wuce, kamar rariya, ana ɗiba sau 8,000 a daƙiƙa. Shi ya sa muryar Inna ke sirancewa in na kira ta a layi, kuma “sa” da “fa” ke rikicewa sai an maimaita. Faifan CD kuwa sau 44,100 ake ɗiba, don kunnen mutum yana kaiwa wajen 20,000. Abin da aka karanta mana a bango ban gane ba, da yamma ɗaya ya zauna.

Sauran kuma a masallacin makaranta muka cike shi. 'Yan aji huɗu da biyar na ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wadda a Legas ɗin nan aka kafa ta a 1954, suna yi wa na ƙasa bita kyauta daren Juma'a. Abokina da ke karatu a Yamai ya ce su bitar nan a cikin jadawali take, malami ne ke zama da ƙaramin rukuni ana warware tambayoyi, kuma wanda ya faɗi yana da zama na biyu kafin sabuwar shekara. Wannan ya fi namu nesa ba kusa ba. A nan in ka faɗi sai baɗi, ka ɗauko kwas ɗin a ka ka haɗa da sababbi. Shi kuma kukansa kayan gwaji da kayan saye, abin da ni nake takawa da ƙafa in samo. Shi shekara uku zai karɓi lisans, ni biyar, da wata shida na koyon aiki a kamfani a aji huɗu. Na ci kwas ɗin da C. Ajinmu mutum da yawa za su maimaita, kuma kusan duk a rabi na biyu suka zube.

Don haka in za ka zo, ka zo, ɗaki na nan, Kawu ma ya ce a faɗa maka. Amma daga yau ka fara yin lissafinka da ɗigo, ka riƙa sauraron darasi da Ingilishi ko da rabin awa ne kullum, don Ingilishin aji da na danfo ba ɗaya ba ne kuma duka biyun za ka buƙata. Kana isowa, kafin ka tambayi kuɗin littafi, ka nemi 'yan aji na sama ka tambaye su wa ke koyar da me bana, wa ke bari a yi tambaya, wane ne sai ka nemi bita tun makon farko. Baba farfesa ya kusa ritaya, ina roƙon Allah ka riske shi.

Akwai littafina na lissafi mai koren bango a cikin akwatin ƙarfe na ɗakin Inna, ƙarƙashin darduma. In direban Kawu zai taso ta Ɗan Isa ranar Laraba ka ba shi, ka haɗa da kilishi da ɗan yajin Inna. Ka gaida Baba, ka ce masa kuɗin sun iso.