Na ci bazara na ci damina a ɗakin bulon ƙasa, ga yadda muka kwashe da maginan

Mutane sun dame ni da tambaya kan masu buga bulon ƙasar nan da suka yi min ciki da falo a bayan gari nan Zariya, to yanzu shekara ta zagayo, zan iya magana.

Gaskiya ni ba kishin muhalli ne ya kai ni wajensu ba, siminti ne ya koro ni. Farkon 2024 da buhu ya haura naira 10,000 na yi lissafi na ga ba hali. Su har fili suke zuwa da injinsu, a tankaɗe jar ƙasa a zuba siminti ɗan kaɗan a yayyafa ruwa, inji ya matse ta bulo ya fito sumul, ba a ƙonawa balle a ci itace. Sai dai fa jira, a lulluɓe shi da leda ana ba shi ruwa kusan wata guda kafin a fara ɗorawa, ni ina gaggawa babban magininsu yana ce min “Alhaji bar ƙasa ta sha ruwanta.”

Maganar sanyi kam ba ƙarya. A Afrilu da azahar na dafa bangon ta ciki na ji shi kamar jikin randa, alhali ɗakin ƙanena na bulon siminti da daddare ma huci yake. An ɗauke wuta, ba fanka, yara na barcinsu. Maƙwabcina da ke min tsiya wai gidan ƙasa a wannan zamanin sai da na nuna masa hoton masallacin Dandaji a jihar Tawa ta ƙasar Nijar, wanda Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka zana aka gama a 2018, da irin bulon nan aka yi shi. Yanzu a falona yake ƙailula.

Inda suka ɓata min rai shi ne bangon gabas. Kowa ya san ta gabas hadari ke tasowa, shi ya sa magina na dauri suke shafe bango da makuba, amma kafintansu ya yanke kwano dab da bango wai ana tattali, fandishon ma bai tashi sosai ba. Ruwan Agusta na dukan gindin ginin sai ga danshi, ka goga yatsa ƙasa ta biyo ka. Sati biyu ina kira ana ce min gobe. Da suka zo dai sun yi fulasta daga ƙasa zuwa gwiwa ba su karɓi kuɗin aiki ba, siminti ni na saya, ƙarin kwanon ma daga aljihuna.

Zan sake ba su aiki, zaure ya rage min. Amma wannan karon a rubuce za mu yi, tsayin fandisho da tsawon bakin kwano, kuma ba zan cika kuɗi ba sai an yi ruwan farko.