Kwabon da aka ba ni a Crich

Ranar Asabar na kai yara gidan tarihin taragu da ke wani ƙauye mai suna Crich a yankin Derbyshire, nan Ingila. Kuɗin shiga ba arha, sai da na ji a jikina. Amma da na biya, aka danƙa mini tsohon kwabo irin na zamanin sule da sisi, sai dai nasu babu huji a tsakiya. Da shi ake biyan kwandasta.

Wurin na adana tsofaffin taragun lantarki ne, waɗanda a da suke bin dogo ta tsakiyar titi suna ɗibar fasinja, kafin bas ta ture su. Landan ta daina amfani da nata a 1952, Glasgow a 1962. A nan kuwa sama da 60 ne, har da wanda aka ɗauko daga Johannesburg, wasu suna jigila a layi mai tsawon kusan mil ɗaya.

Wanda ya tuƙa mu dattijo ne, sa'an Baba. Da muka sauka na gaishe shi, na tambayi ko gwamnati ce ke biyansu. Ya ce babu mai biyan sa ko sisi, shi ne ma yake zuba kuɗin ƙungiya duk shekara, ya kuma sha mai a motarsa ya zo. Wallahi jikina ya yi sanyi. Na ga wasu dattawan a garejin gyara, hannu duk baƙin mai, suna goge tagulla kamar kayan ɗakin amarya.

Asalin abin, a 1948 wasu masu sha'awa suka sayi tarago mai lamba 45 na birnin Southampton a kan fam 10 don kada a farfasa shi. A 1955 suka kafa ƙungiya, a 1959 suka samu wannan tsohon ramin fasa dutse, suka shimfiɗa dogo da hannunsu. A 1964 aka fara tafiya da lantarki.

Ina zaune a benen taragon, iska mai sanyi tana yankar kunne, ruwa na yayyafi kamar kullum, sai ƙaramin jirgin Zariya zuwa Jos ya faɗo mini, wanda aka rufe a 1957. Kakana yakan ba mu labarinsa. Ina kansa yake yau? Legas sun gyara gidan Jaekel a Ebute Metta, sun tara kayan tarihin jirgi. Mu kuwa taragu suna tsatsa a tasha, ciyawa ta rufe su, sai 'yan gwangwan su zo da dare. Kowa ya ce kayan gwamnati ne. Alhali mu muka san aikin gayya tun kafin mu san Bature!

Da yamma muka sha shayinsu maras kauri, ni kuwa na mai shayin bakin tashar Kano nake marmari. A hanyar komawa ƙaramin ɗana ya tambaye ni ko akwai irin wannan a garinmu, in mun je hutu mu shiga. Na daɗe ban amsa masa ba.